KiCad da sitensil na manyan filayen dalma: yadda na same ta

Duk allunan cajin sola da nake haɗawa, da KiCad nake zana su. Manhaja ce kyauta ta zana allunan lantarki, Jean-Pierre Charras ya fara ta a Faransa a 1992, daga baya injiniyoyin cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka sa hannu a gina ta. Yau dai a kan abu ɗaya zan auna ta: yadda take fitar da sitensil, farantin ƙarfen nan mai huji da ake shafa man dalma ta cikinsa, idan filin tagullar da ake liƙa kayan lantarki a kai ya yi faɗi.

Ƙananan ƙafafu ba su da rigima. Rigimar tana ƙarƙashin cikin IC (ƙwayar lantarki) irin QFN, mai ƙafafu shafe a gefen cikinsa, da bayan MOSFET (makunnin lantarki), inda ake barin babban fili don zafi ya samu hanyar fita. In aka buɗe masa huji ɗaya daidai girmansa, man ya yi yawa. Da ya narke (mara gubar nan, SAC305, a wajen digiri 217 na Celsius yake narkewa) sai IC ya ɗago a kai, ƙafafun gefe su ƙi taɓa ƙasa. Iskar da man ke fitarwa kuma ta rasa mafita, ta bar ramuka a ciki, zafin ya daina wucewa yadda ya kamata. Maganin shi ne a rarraba hujin ƙanana-ƙanana kamar gidajen dara, man ya rufe kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na filin.

A nan KiCad ta burge ni. Yawancin QFN da ke ma'ajiyarta an riga an rarraba musu hujin, ɗauka kawai za ka yi. Wanda ka zana da kanka kuwa, sai ka cire F.Paste (shimfiɗar da ke nuna hujojin sitensil) daga babban filin, ka jera filaye nau'in SMD Aperture, waɗanda ba su da tagulla ko kaɗan, huji ne zalla. Akwai umarnin jera abu sahu-sahu, ba sai ka yi ta kwafa ɗaya-ɗaya ba.

Akwai kuma wurin rage hujin da kashi cikin ɗari, amma kada wannan ya ruɗe ka. Huji ɗaya yake tsukewa, ba ya raba shi, man ya taru a tsakiya. A matsakaicin fili yana wadatarwa. A babba ban yarda da shi ba.

Lissafin kuma naka ne. Kai za ka auna yawan abin da ka rufe, kai za ka kauce wa ƙananan ramukan zafi masu milimita 0.3, don suna zuƙe dalma su kai ta bayan allo. Kada hujin ya ƙanƙance fiye da kima: ƙa'idar zana sitensil ta IPC-7525 ta nemi in aka raba girman filin bakin huji da girman filin bangonsa, sakamakon ya wuce 0.66, in ba haka ba man ya maƙale a faranti. Ni mai kaurin milimita 0.12 nake saye.

Kafin in tura fayilolin Gerber, waɗanda masana'anta ke aiki da su, zuwa Shenzhen ta China, ina buɗe shimfiɗar F.Paste ita kaɗai a GerbView, manhajar duba su da ke cikin KiCad, in ƙare mata kallo, saboda abin da ke wurin shi za a yanka, kuma kuɗin aiko da sabon faranti Kano ya fi kuɗin farantin kansa.