Ƙwaro mai wari a gonar lemo: wane magani ya cancanci kuɗin manomi?

Manomin da ya ga lemonsa yana zubewa tun bai nuna ba yakan garzaya shagon kayan noma ya karɓi duk kwalbar da aka miƙa masa. Kafin a kai ga haka, ya kamata a tabbatar da mai ɓarnar, domin ƙudan 'ya'yan itace ma yana zubar da lemo, amma shi tsutsa yake bari a ciki. Ƙwaro mai wari kuwa faffaɗan baya gare shi mai siffar garkuwa, kuma yana soka tsinin bakinsa ta ɓawo ya tsotse ruwan, sai a yanka lemon a tarar da gefe guda ya bushe ya ƙandare. Koren nan da masana ke kira Nezara viridula ya fi son wake da waken soya, yakan kuma ƙaura zuwa lemo idan an girbe su, shi ya sa itatuwan bakin gona suka fi shan wahala.

Abin da aka fi tallatawa shi ne maganin feshi mai ɗauke da sinadarin cypermethrin ko lambda-cyhalothrin, kamar Karate. Yana kayar da babban ƙwaro nan take, kuma ba shi da wuyar samu. Sai dai ba ya bambanta maƙiyi da masoyi, domin yana hallaka ƙudan zuma da ƙananan ƙwarin da ke yin ƙwai a cikin ƙwan mai warin su lalata shi, kuma yawan fesa shi kan buɗe ƙofa ga wasu ƙwarin masu manne wa ganye da reshe. A ganina bai kamata a saye shi ba sai ɓarna ta yi tsanani, sannan a taƙaita feshin ga layukan da ke maƙwabtaka da gonar wake, da yamma, ba kuma lokacin fure ba. Mai saye ya karanta sunan sinadarin maimakon ya ruɗu da sunan kasuwa, ya duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka.

Man darbejiya, ko ruwan dakakkun 'ya'yanta, ya fi araha, kuma illarsa ga ƙwari masu amfani kaɗan ce. Ƙarfinsa yana kan ƙananan da ba su yi fiffike ba, domin yana rage musu ci, yana kuma hana su saɓa yadda ya kamata. Babban ƙwaro ba ya jin sa sosai, rana kuma tana saurin kashe kaifinsa, don haka sai an riƙa maimaitawa. Wanda ya saye shi da tsammanin ganin ƙwari a zube washegari zai ce an cuce shi.

Ga mai itatuwa kaɗan a gida, bokitin ruwan sabulu ya wadatar. Da sanyin safiya ƙwaron ba shi da kuzari, sai a girgiza reshe ya faɗa ciki, a kuma leƙa ƙasan ganye a murƙushe ƙwan, waɗanda ake samu jere reras a wuri guda. Safar hannu da tabarau su ne kawai abin saye, kuma ba ado ba ne: a Ostareliya akwai irin da ke addabar lemo wanda yake fesa ruwa mai ƙona fata da ido.

Inda ake da danshi, kamar Binuwai mai arzikin lemo, akwai jar tururuwar da ke ɗinke ganye ta yi sheƙa a kan itace, wadda take farautar ƙwari iri-iri. Manoman lemo a Sin sun san amfanin 'yar uwarta tun wajen shekara ta 304, har ana sayar da sheƙarta a kasuwa. Cizonta yana damun masu tsinka, amma wanda yake da ita a gonarsa ya sani cewa feshin sinadari yana iya kashe ta tare da mai warin.