ICAN ko ANAN: Wacce Ta Fi Dacewa da Akantan Ƙaramar Hukuma?

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a yankin Haɗeja ya yi tambaya. Ya ce yana da babbar difloma a fannin akantanci, yana kan matakin albashi na tara, kuma yana so ya san ko takardar ƙwarewa za ta ɗaga shi daga inda yake, in kuwa za ta ɗaga shi, tsakanin ICAN da ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci biyu na Najeriya da ke ba da takardar, wacce ya kamata ya nufa. Malam, takardar tana da amfani, amma ba amfani iri ɗaya take yi wa kowa ba, kuma zaɓin da ke gabanka ya rataya ne ga abu guda: a aikin gwamnati kake son ka tsufa, ko kuwa zuciyarka tana can banki da kamfanoni?

Duka ƙungiyoyin biyu doka ce ta kafa su. ICAN ita ce babba a shekaru, domin dokar majalisa ta 1965 ce ta samar da ita, kuma hedikwatarta tana Legas. ANAN an kafa ta a 1979, amma ba ta sami amincewar doka ba sai a 1993, da dokar soja mai lamba 76. Dukansu mambobi ne a ƙungiyar akantoci ta duniya, IFAC, kuma tsarin aikin gwamnati ya san da su duka. Saboda haka maganar da ake yawan yi a majalisar hira cewa ɗaya ce kaɗai "ta gaske" ba ta da tushe a doka, ko da yake tana da ɗan tushe a kasuwar neman aiki, kamar yadda za mu gani.

Bambancin da ya fi shafarka shi ne hanyar da ake bi. ICAN jarrabawa ce tsagwaronta, mataki uku, kuma babu wata makaranta da aka tilasta maka zama a cikinta. Mai digiri ko babbar difloma a akantanci ana yafe masa wasu darussa na matakin farko, gwargwadon ko ICAN ta tantance makarantar da ya yi, kuma yafewar ma sai an biya kuɗinta. A takarda wannan yana kama da sauƙi ga ma'aikaci, tunda ba zai bar kujerarsa ba. A aikace kuwa, wanda ke zaune a Auyo ko Kafin Hausa ya san cewa masu koyar da darussan nan a birnin Kano suke, don haka zai riƙa shiga motar farko ranar Asabar da asuba, ya kwana a ɗakin wani ɗan'uwa, ya dawo ranar Lahadi da dare, sannan Litinin ta same shi a gaban tulin baucoci da aka ɗaure da igiya, ga shirin albashi in wata ya zo ƙarshe. Jarrabawar ba ta da sassauci, kuma faɗuwa a darasi ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne ko ga masu ƙoƙari. Duk faɗuwa kuwa sabon kuɗin rajista ne da sabbin watanni na jira. Mafi yawan waɗanda suka watsar da ita ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, kuɗin mota da lokaci ne suka ƙare musu.

ANAN makaranta gare ta, wato kwalejin akantanci da ke Kwall a ƙaramar hukumar Bassa, kusa da Jos. Tana karɓar wanda ya riga ya sami digiri ko babbar difloma, ya yi karatu ya ci jarrabawarta, sannan ya yi shekara biyu na horo a ƙarƙashin ƙwararren akanta kafin a rantsar da shi ya fara sa CNA, laƙabin mambobin ANAN, a bayan sunansa. Wannan tsari ya fi dacewa da mutumin da ya saba da aji da malami, kuma ƙarshen tafiyar a bayyane yake tun daga farkonta. Nauyinsa shi ne yana iya buƙatar hutun karatu da barin iyali na wani lokaci, ga kuɗin makaranta da ke zuwa a dunƙule, ba a rarrabe kamar na ICAN ba. Ga mai gona, sai ya lissafa har da wanda zai tsaya masa a kan noma in zangon karatu ya faɗo cikin damina.

Yanzu ga inda takardun biyu suke rabuwa da gaske. A cikin aikin gwamnati, ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, ba na ganin ICAN ta fi ANAN da wani abin a zo a gani, kuma duk wanda ya zagaya ofisoshin akanta janar da na odita a Arewa zai tarar da 'yan ANAN da yawa a manyan kujeru. Ga mai babbar difloma irinka amfanin ya ma fi fitowa fili, domin a al'adar tsarin aiki mai difloma yakan tsaya ne a mataki na goma sha huɗu, takardar ƙwarewa kuwa tana cikin abubuwan da ake dubawa wajen mayar da mutum layin da ke wuce nan. Kujerar ma'aji guda ɗaya ce a kowace ƙaramar hukuma, 27 a Jigawa, 44 a Kano, kuma idan aka jera mutum biyar masu shekarun aiki ɗaya, wanda ke da takardar ya fi wuyar tsallakewa. Ban ce ba a tsallake shi ba, domin kowa ya san siyasa tana da nata lissafin, amma mai tsallake shi sai ya nemo hujja. Aikin kansa ma ya canza: tun 2016 aka ɗora asusun gwamnati a kan ƙa'idojin IPSAS masu lissafa bashi da kadara, ba shige da ficen tsabar kuɗi kaɗai ba, sannan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kaya, akantan da ya iya rufe littafi a kan ƙa'ida ba zai rasa masu nemansa ba.

Idan kuwa niyyarka ita ce barin gwamnati, ICAN ta fi nauyi, kuma gara a faɗa maka ba kwana-kwana. Bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC da Deloitte galibi ICAN ko ACCA, wata ƙungiyar akantoci ta ƙasar waje, suke ambata a tallar neman ma'aikata. Sai dai waɗannan ayyuka a Legas da Abuja suke, kaɗan a Kano, don haka takardar tana zuwa ne da sharaɗin ƙaura. ACCA kuwa ta Ingila ce, da fam ake biyan kuɗinta, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 ba na ba ma'aikacin ƙaramar hukuma shawarar ya fara ta sai in da mai ɗaukar nauyinsa.

Akwai abin da babu ɗaya daga cikinsu da za ta yi maka, kuma shi ne samar da aiki a inda babu mai neman takardar. Mai injin casar shinkafa a Haɗeja ko dillalin riɗi a Maigatari yana riƙe da lissafinsa a littafin rubutu na ɗalibai, shafi ɗaya na masu bin sa, shafi ɗaya na waɗanda yake bi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa odita. Abin da yake nema shi ne amintaccen mutum da zai tsara masa asusu in banki ya nema kafin ba da rance, ko in masu haraji sun zo. A nan iya aiki da kwamfuta da riƙon amana sun fi haruffan bayan suna kawo ciniki. Takardar tana shigowa ne a ranar da za a sa hannu a kan rahoton kuɗi, wanda shi ma sai da lasisin ƙungiya da rajista a hukumar kula da rahotannin kuɗi, FRC, da dokar 2011 ta kafa. Ka kuma sa a lissafi cewa duka biyun suna da kuɗin shekara da horon sabunta ilimi na dole muddin kana mamba.

A yadda ka bayyana halinka, ni ANAN zan nuna maka, sai fa in kana da ƙuruciyar da za ka iya ƙaura da kuma juriyar faɗuwa a jarrabawa ka sake zama. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta wa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke Dutse ta hannun shugaban sashenka, ka nemi izinin karatu a rubuce, ka kuma tambaye su matakin da za su ɗora ka da layin da za su mayar da kai idan ka kawo takardar, domin karatun da aka yi ba da izini ba yakan sha wahala wajen shiga fayil.