Wasiƙa Zuwa Maraɗi daga Bakin Barikin Dodan

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka gaishe mini da Inna. Ka tambaye ni yadda kaya da hidimomin hukuma suke a Legas idan aka gwada da namu na Maraɗi, tun da ƙaninmu ya matsa lamba a bar shi ya biyo ni, kuma ga abin da idona ya gani.

Ta fuskar kaya, babu abin da mutum zai nema ya rasa a kasuwannin Balogun da Idumota, daga atamfa da leshi har zuwa kayan waya, sau da yawa da rahusa fiye da wajenmu, domin nan ne bakin ruwa. Abinci kuwa ku ne da riba, saboda gero da nama da albasar da nake sayarwa a kasuwar Mile 12 duk daga arewa suke gangarowa, kuɗin mota da na shingayen hanya kuma a kan mai saye suke ƙarewa. Ruwan famfo bai kai gidaje da yawa ba, 'yan uwanmu ne suke tura kura da jarkoki lungu-lungu, har Yarbawa sun ari kalmar “mai ruwa” daga bakinmu. Sufuri ya fi namu tsari: akwai manyan motocin BRT, akwai jirgin ƙasan da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, kuma da kati guda ake biya. Sai dai ka faɗa wa ƙaninmu ya cire kabu-kabu daga ransa, domin tun ranar 1 ga Yuni, 2022 aka haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida, har da wannan tsibiri na Legas da nake zaune, babur ɗin da aka kama kuwa murƙushe shi ake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shari'a, domin ita ce hidimar da baƙo ba ya sanin darajarta sai ranar da aka ci masa haƙƙi. Bara wani mai gidan abinci ya karɓi buhunan albasar Galmi a hannuna bashi, ya yi wata huɗu yana yi mini gobe-jibi. Da a gida ne, da mai unguwa ko fadar Sarki sun kashe maganar a zama ɗaya, domin kowa yana jin kunyar a kira shi gaban manya. A nan ma na fara da shugabannin 'yan albasa, suka aika masa har sau biyu, ya ce shi ba ya ƙarƙashin Sarkin Hausawa, kuma a wannan gaskiyarsa ce. Daga nan aka nuna mini kotun ƙananan basussuka da jihar ta kafa a 2018, wadda take sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, ba tare da an tilasta wa mutum ɗaukar lauya ba, kuma ƙa'idarta a gama cikin kwana 60. Na tsaya gaban majistare da ɗan littafina mai dauɗar albasa da saƙonnin da ke cikin wayata, tafinta yana juya maganata, ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni ko daga wace ƙasa na fito. Mutumin ya ƙi zuwa zaman farko, na yi asarar cinikin yini, amma daga ƙarshe ya amsa bashin, yana kuma biya kashi-kashi.

Ɗakin da nake kwana a Obalende bai da nisa da Barikin Dodan, inda shugabannin soja suka mulki Najeriya kafin a mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991. Akwai wani dattijo mai shayi, Bakatsine, da ya fi shekara 50 a unguwar, kuma da na ba shi labarin ƙarata, sai ya ce a zamanin kaki da ba a kai ga takarda ba, kofur ɗaya ya isa ya karɓo mini kuɗina kafin la'asar. Yana tuna safiyar 13 ga Fabrairu, 1976 da aka harbe Janar Murtala a kan hanyarsa ta zuwa ofis, yana kuma tuna 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, da kowa yake bin layi a tashar mota, ma'aikacin da ya makara kuma a sa shi tsallen kwaɗo. Na ga yadda fuskarsa take washewa idan ya zo kan maganar layin, ban kuma raina wannan ba, domin wanda ya sha turmutsitsin Legas dole ya yi ƙishirwar tsari.

Amma shi ɗin ne dai, da ya ajiye buta, ya ba ni labarin Bar Beach, bakin tekun da yanzu aka cike da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic, inda daga 1971 aka riƙa ɗaure 'yan fashi jikin turaku a harbe su jama'a suna kallo. Ya tuna doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da damar tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, da doka ta 4 da aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian da ita, da samari uku da aka harbe a 1985 kan miyagun ƙwayoyi da dokar da aka mayar da aikinta baya. Na tambaye shi, da a ce mai gidan abincin ne ya riga ni sanin kofur ɗin fa, ina zan kai kukana? Ya daɗe yana juya cokali cikin kofi bai ce komai ba.

Yaya, ban rubuta wannan don in koya maka abin da ka fi ni sani ba, ku da kuke ƙarƙashin soja tun 26 ga Yuli, 2023, kuka kuma sha duhu da tsadar kaya lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wuta. Na san da yawa a gida sun yi murna da sauyin, kuma suna da dalilansu. Ni dai hankalina ba ya kwanciya idan na tuna an jingine tsarin mulki, an kuma rusa jam'iyyu a 2025, domin ina tunanin talaka irina ranar da rigimarsa za ta haɗa shi da mai kaki.

Idan ƙaninmu ya nace sai ya zo, to ya zo da takardunsa cikakku, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, ya kuma koyi rubuta duk bashin da ya bayar da kwanan wata da sa hannun mai karɓa. Akwai wuri a rumfata, zai iya farawa da awon albasa. A gaida yara duka.

Naka, ƙaninka a Legas.