Takardar M-CHAT-R/F a ɗakin awon yara a Gusau: amfaninta da inda take tuntuɓe

Takardar tantance galahanga (autism, lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane da maganarsa) da ake kira M-CHAT-R/F ta cancanci shiga kowane ɗakin awon yara a Zamfara, amma da sharaɗin a yi ta tare da zangonta na biyu, wato hirar da ake yi da mai reno bayan tambayoyin farko. Ma'aikacin da ya cika shafin farko ya tsaya nan zai tayar wa iyaye da yawa hankali ba gaira ba dalili. Wannan shi ne hukuncina bayan aiki da ita a wurin awo a Gusau.

Diana Robins da Deborah Fein da Marianne Barton ne suka tsara ta a Amurka, kuma wannan da aka yi wa gyara tana ɗauke da shekarar 2009. Ta yara ce 'yan wata 16 zuwa wata 30. Tambayoyi 20 ne, amsarsu e ko a'a, duk a kan abin da mai reno take gani kullum: ko yaro yana waiwayowa idan an kira shi, ko yana nuni da yatsa, ko yana kawo abu don ya nuna, ko yana kwaikwayon manya. Ba a ɗibar jini, ba a buƙatar na'ura ko wuta. Ana sauke ta kyauta a intanet don aikin asibiti, kuɗinta kuɗin buga kwafi ne kawai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar tantance kowane yaro a wata 18, a sake a wata 24.

Lissafin maki shi ne wurin da sabon hannu ya fi faɗuwa. A tambayoyi 17, amsar a'a ce alamar damuwa. A sauran ukun, wato ta 2 da ta 5 da ta 12, abin a juye yake, e ce alamar damuwa, domin suna tambaya ne ko an taɓa zargin yaron kurma ne, ko yana wasu motsin yatsu a gaban idonsa, ko ƙarar yau da kullum tana firgita shi. Wanda ya bi layi yana ƙirga a'a daga sama har ƙasa zai ɗora wa kowane lafiyayyen yaro maki 3, kuma 3 ita ce farkon matakin da ake bincike. Maganinsa a zagaye waɗannan lambobi uku da jan biro a takardar lissafin da ke kan tebur. Maki 0 zuwa 2 hatsarin kaɗan ne, sai dai in yaron bai kai wata 24 ba a sake yi bayan ya cika shekara biyu. Maki 8 zuwa 20 a tura shi asibiti kai tsaye. Maki 3 zuwa 7 su ne ke buƙatar zango na biyu.

Zango na biyu hira ce. Kowace tambaya tana da shafinta mai rassa, kuma waɗanda yaron ya faɗi kaɗai ake bi. Idan uwa ta ce ba ya nuni da yatsa, shafin zai sa ka tambaye ta abin da yake yi in yana son abin da hannunsa bai kai ba: miƙa hannu yake, ko jan ta yake zuwa wurin, ko kuka? A nan amsoshi da yawa suke canzawa, domin uwa ta fahimci abin da ake nufi. In bayan hirar maki sun tsaya a 2 ko fiye, a tura yaron. A binciken da aka wallafa a 2014 a kan yara sama da 16,000, kusan rabin waɗanda suka faɗi zangon biyu duka an tabbatar suna da galahanga, kuma kusan kashi 95 cikin 100 an same su da wani jinkirin girma ko abin damuwa. Ma'ana takardar ba ta yanke hukunci, amma yaron da ta kama da wuya a rasa abin da za a duba masa.

Inda takardar ta fi wahalar da ni shi ne wanda ake tambaya. An tsara ta ne a kan cewa uwa ce ke wuni da yaro tana wasa da shi. A gidajenmu yaro ɗan shekara biyu yakan wuni a bayan yayarsa ko a ɗakin kakarsa, musamman in an yi masa ƙane. Ga kuma kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta haifi na farko ba za ta ambaci sunansa ba, kuma a gaban uwar mijinta ba za ta ce tana yi masa murmushi yana mayar mata ba. Ka tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban sani ba, sai dai Inna." Wannan ba a'a ba ce, kar a rubuta ta a matsayin a'a. A juya wurin kakar a ce, "Inna, in kin kira shi yana baya, yakan waiwayo?" Kuma a tambayi sunan da ake kiransa da shi a gida. Yaron da kowa ke ce wa Abba ko Baffa ba zai amsa sunan yanka da ke kan katinsa ba.

Lokacin yaye ma yana faɗawa cikin watannin nan. Yaron da aka kai gidan kaka makon jiya, ya daina shan nono, yana fushi da kowa, ba ranar auna shi ba ce. A ba shi 'yan makonni. Haka yaron da ke cikin zazzaɓi ko gudawa.

Misalan da ke cikin takardar na gidan Bature ne. Na'urar share ɗaki ba ta nufin komai ga matar Tsafe ko Maru, amma injin markaɗe da janareta da ƙarar babur ta san su. Wasan kwaikwayo kuwa a ce mata: yana goya 'yar tsana ko takalmi? Yana kara wani abu a kunne kamar waya? Yana dafa tuwon ƙasa? Masu takardar sun hana canza tambayoyin ko jerinsu ko ɗaukar wasu a bar wasu, kuma suna da gaskiya, domin makin ya ginu ne a kan ashirin ɗin gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne ma'aikatan wuri ɗaya su zauna su daidaita a kan lafazi guda na Hausa da za su riƙa karantawa. In kowa yana juya Turancin yadda ya zo bakinsa, tambaya ta 6 da ta 7 sai su zama ɗaya, alhali bambancinsu babba ne. Ta 6 nuni ne don neman abu, ta 7 nuni ne don kawai ya nuna maki jirgi a sama ko tirela a hanya ku kalla tare. Yaro mai galahanga yakan iya ta farko ya rasa ta biyu. Kuma kar a karanta tambaya da muryar da ke jan amsa. In ka ce, "Ai yana kallonki ko?" kowace uwa e za ta ce.

A Zamfara akwai abubuwan da ke sa yaro ya faɗi takardar ba tare da galahanga ba, kuma dole a fara kawar da su. Na farko ji. Sanƙarau da ƙyanda da ruwan kunne mai daɗewa da shawarar jarirai mai tsanani duk suna iya taɓa ji, kuma yaron da ba ya ji ba zai amsa kira ba. Na biyu tamowa: yaron da ya rame ba ya wasa, ba ya murmushi, ba ya kula kowa, don haka a auna damtsensa da igiyar awo, a yi magani, a sake tantancewa bayan ya murmure. Na uku gubar dalma. Bayan abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ɗaruruwan yara suka rasu, duk yaron da ya fito daga gidan da ake daka duwatsun zinariya kuma yana da jinkirin magana ya kamata a auna dalma a jininsa. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa shi ma yakan bar tabo.

Akwai giɓi a lokaci. Allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yin ta, wata ɗaya kafin takardar ta fara aiki, daga nan kuma yawancin iyaye ba sa dawowa sai da ciwo. A ganina wuraren da za a samu yaran su ne ranar ɗigon bitamin A, da wurin karɓar abincin tamowa, da zagayen maganin zazzaɓi na damina da ake bi gida gida. A duba ranar haihuwa a katin rigakafi, domin "ya kusa shekara biyu" na iya zama wata 14. Kuma tunda a ɗakin rigakafi ake yin tambayoyin, a faɗa wa iyaye a fili cewa allurar rigakafi ba ta kawo galahanga, manyan bincike a ƙasashe da dama sun tabbatar da haka.

Yadda za a faɗi sakamako yana buƙatar taushin baki. Ba a cewa "ɗanki yana da galahanga", domin takardar ba ta da wannan hurumin. A ce, "Maman Abba, akwai abubuwan da muke so likitan yara ya ƙara dubawa, da kunnensa da maganarsa." A nemi maigida ya ji da kunnensa, tunda shi zai ba da izinin tafiya da kuɗin mota. In iyali sun ce iska ce ko sammu, ba na jayayya da su a kan addu'a, ina roƙonsu ne su haɗa da zuwa asibiti. Daga Gusau ana farawa da sashen yara na Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in ana buƙatar ƙarin bincike akwai asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. A rubuta makin da lambobin tambayoyin da ya faɗi a takardar turawa.

Ba a jiran sakamakon likita kafin a fara aiki a gida: a zauna daidai fuskar yaro, a kira shi a jira ya kalla kafin a miƙa masa abin da yake so, a riƙa ambaton sunan abin da ke hannunsa, a rage ba shi waya. Yaron da ya fara kalmomi sannan ya daina, ko wanda mai renonsa ta dage cewa ba kamar sauran 'ya'yanta yake ba, a tura shi asibiti ko makinsa 0 ne.