JPEG, PNG ko SVG: wanne ya dace da hotunan littafinka na EPUB, wato littafin da ake karantawa a allon waya ko na'ura?

Hoton da ya fito tas a kwamfutarka ba lallai ya fito haka a wayar mai karatu ba, balle a Kindle, na'urar karatu ta Amazon, mai allon baƙi da fari, wanda matakan launin toka 16 kacal yake iya nunawa. Ja da kore a can duk toka ne, don haka taswirar da ta dogara da launi wajen bambance wurare ta tashi a banza.

Hoton da aka ɗauka da kyamara, na mutum ko na gari, JPEG ne gidansa. Ba shi da nauyi, kuma duk manhajar karatu tana buɗe shi. Nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne: idan ka zaɓi karɓar kashi 70 na kuɗin littafi a Amazon KDP, dandalin wallafa littattafai na Amazon, ana cire maka senti 15 kan kowane megabait na fayil ɗin a duk kwafin da aka saya a kasuwar Amurka. Mai karatun da ke sauke littafi da ɗan datarsa ma zai gode maka.

PNG kuwa na zane ne, da jadawali, da duk hoton da ke da rubutu a ciki, domin JPEG yakan dusashe gefen haruffa. Amma akwai tarko: PNG mai bayan da babu komai, idan zanen baƙi ne, mai karatu ya kunna yanayin dare, sai zanen ya ɓace cikin duhun shafin. Sa masa farin baya ka huta.

SVG ba ya fashewa komai girman da aka yi masa, sai dai ba kowace manhaja ke nuna shi daidai ba. WebP, wani nau'in hoto na daban, ya shiga ƙa'idar EPUB 3.3 a 2023, tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Ni dai ban ga dalilin yin kasada da shi ba tukuna.

Ko wanne ka ɗauka, launi ya zama RGB na allo, ba CMYK na maɗaba'a ba, faɗin hoto kuma a ba shi da kashi cikin ɗari na shafi. Hoton bango kuwa, KDP na son tsawon pixel (ɗigon hoto) 2560 da faɗin pixel 1600. Kada ka mai da kanun babi hoto don gudun kada ƙ da ɗ su lalace. Saka salon rubutu mai ɗauke da su cikin fayil ɗin, sannan ka duba shi a Kindle Previewer, manhajar da ke nuna yadda littafi zai fito a Kindle, da kuma ƙaramar waya.