Wata bakwai da sinki mai dakali a kicin ɗina, ga yadda na same shi

Tunda muka gyara kicin duk wadda ta shigo gidan nan sai ta tsaya a kan sinkin nan tana tambaya, shi yasa nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta. Mu a wani ƙauye muke ta wajen Ringim, ba ruwan famfon gwamnati, bohol ne mai sola a tsakar gida da tanki a sama, kuma wannan maganar tankin ku riƙe ta don zan dawo kanta.

Ciwon baya ne ya kai ni ga sinki, shekara da shekaru ina tsugunne a bakin rariya da bahuna biyu, bayan haihuwata ta huɗu in na gama wanke-wanke sai na dafa bango nake miƙewa. Da maigidan yace za a zuba kanta a kicin nace masa to ni irin mai dakali nake so, na gani a Facebook. Ga wadda bata sani ba, sinki ne mai faɗi guda ɗaya ba a raba shi biyu ba, amma ta ciki dab da baki an yi masa ɗan dakali gaba da baya, a kan dakalin nan ake ɗora kayansa, ki tura su dama ko hagu yadda kike so. Nawa tsawonsa santimita 75, faɗi 45, ya zo da katakon yanka, da gwagwa ta ƙarfe doguwa, da ƙaramin baho, da wani abin kife kwanuka na sandunan ƙarfe da ake naɗewa kamar asabari.

A Kano muka saya, ni da ƙanina muka sha yawo tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma Allah ya taimake ni shi ya san harkar ƙarfe. Ni baƙi mai ƙyalli ne ya tafi da ni, mai maɓallai da ruwa mai zubowa ta faɗi. Sai yace Yaya ki bar kallon sama, juya shi ki ƙwanƙwasa gindin. Bakin mai kauri ne kam amma cikin kamar gwangwanin madara, da yatsa na danna ya lotsa ya dawo. Shi ne ya koya min maganar geji, wai in lambar ta yi ƙasa ƙarfen ya fi kauri, geji 16 wajen milimita 1.5 ne, 18 kuma wajen 1.2. Sannan ƙarfen kansa iri-iri ne, mai lamba 304 ya fi yawan sinadarin nikel a cikinsa shi yasa yake jure tsatsa, mai lamba 201 ya fi araha amma ya fi saurin fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa. Mai shagon ya ɗauko maganaɗisu ya manna yace Hajiya kin gani bai kama ba orijina ne, ƙanina yace masa ai 201 ma ba ya kamawa. Ƙarshe dai fari muka ɗauka, mara fenti, mai baƙar roba manne a gindi don rage ƙara, kuɗinsa ya kusa na akuya biyu kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Dakalin nan shi ne kuɗin gaba ɗaya wallahi. Ranar kasuwa in an kawo alayyahu da zogale sai in ɗora gwagwar a dama, katako a hagu, in yanka in ture da wuƙa ya faɗa gwagwa in sakar masa ruwa, ƙasar ta bi ta ƙasa ta tafi, ba ɗaga baho ba zubar da ruwa a tsakar gida kaji na bi. Ni da na tashi da yankan albasa da kuɓewa a hannu ban zaci zan saba da katako ba, kuɓewa dai har yanzu a hannu nake yi, amma nama da kifin Haɗeja a kan katakon nake gyarawa jinin ya gangara ciki. Tatar gasara ma haka, ƙaramin bahon yana zaune daram a dakali ina tsaye ina tacewa bayana a miƙe. Inna, surukata, da farko cewa tayi ke 'yar nan wannan ai ɓarnar kuɗi ce, yanzu in ta jiƙo geron kununta nan take kawowa.

Abin da ya ɓata min rai famfon ne. Mun haɗo da famfo mai kai da ake zarowa, da wani ɗan abu a gefe da ake kifa kofi a danna ruwa ya feso ya ɗauraye. A bidiyo kamar da bakin ƙwarya yake fita, a gidana kuwa ɗis-ɗis. Fulamban da ya haɗa mana yace ranki ya daɗe ba laifin kaya bane, tankinku mita uku ne daga ƙasa, kuma sai tsayin mita 10 ake samun "bar" guda, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, waɗannan kayan don ruwa mai ƙarfi aka yi su, ko a ɗaga tanki ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfi mai cin wuta. Babu wanda ya faɗa mana haka a shago, kuma da na sani da famfo ɗaya dogo mai wuya kawai zan saya in ajiye sauran kuɗin. Abin ɗauraye kofin nan yana nan ko sau biyar ban taɓa shi ba.

Katakon ma ya so ya tsage da hunturu, na wanke na bar shi a iska kwana biyu sai ga layi a tsakiya. Yanzu ina goge shi ya bushe in shafa masa ɗan mai, bai ƙara ba. Kuma fa kafin ki biya ki ɗora kowane kaya a dakalin ki tura da hannunki a gaban mai shago, don ma'aunin kowane kamfani daban, in katakon ya lalace ba lallai na wani ya zauna ba sai dai kafinta ya yanko miki.

Yashi kuma shi ne babbar matsalarmu ta ƙauye. Wata na biyu bututun ya toshe, da aka kwance wannan lanƙwasar ta ƙasa mai riƙe ruwa don hana wari sai ga tsakuwar shinkafa da yashin rege gero cike. Tun daga nan ruwan ƙarshe na regaya a bokiti nake juyewa in kai wa bishiyar lemo, kuma ba na cire matacin bakin ramin ko kaɗan. Na hana yara soson ƙarfe da barin bilic ko gishiri ya kwana a ciki, sabulu da soson buhu sun isa, in farin tabon ruwan bohol ya fito in goga lemon tsami.

Tukunyar tuwo ta murhun icce kuwa ba ta shiga, ba don ba zata shige ba, zurfinsa ya kai, amma baƙin tukunyar yana ɓata ko'ina kuma toka da yashin da ake dirje ta da su zasu karce ƙarfen su toshe bututu. Ita tana nan a bakin rariya inda aka saba, yaran ke wanke ta. Na gas da kwanukan ci da filas da kofuna su ne na sinki, in gama in shimfiɗa asabarin a kai in kife, kafin in idar da sallar la'asar sun tsane.