265/70R17 ko 285/70R17: Wacce Za Ta Zauna Ba Tare da An Ɗaga Mota Ba?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Motarsa mai jan ƙafa huɗu ce, ta zo daga kamfani da tayoyi 265/65R17, yanzu sun suɗe, lokacin canji ya yi. Yana yawan shiga daji, yana son cikin motar ya ɗan ƙara nisa da ƙasa, amma ba ya son a taɓa masa sifirin da shoka. Shin ya saka 265/70R17, ko ya yi ta maza ya ɗauki 285/70R17 da ake ta yabo?

Malam, ni dai 265/70R17 zan ce ka ɗauka. Amma tunda kuɗinka ne za ka kashe, bari in jera maka su biyun ka gani da idonka.

Lambobin kansu suna faɗin girman taya. Na farko faɗinta ne da milimita. Na biyu tsayin gefenta ne, amma ba da milimita ba, kaso ne cikin ɗari na faɗin. Na ƙarshe girman rim ne da inci. To 265/65R17, wadda ita ce ake samu a kan Hilux da Prado da yawa, gefenta kashi 65 ne na 265, wato milimita 172. Ka ninka biyu saboda sama da ƙasa, ka ɗora inci 17 na rim, sai ka samu tsayin taya gaba ɗaya milimita 776, kusan inci 30.6. Da wannan lissafin, 265/70R17 tana kaiwa milimita 803, inci 31.6. Ita kuwa 285/70R17 milimita 831 ce, inci 32.7, shi ya sa masu harkar ke kiranta "talatin da uku" duk da ba ta cika ba.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Tsayin da taya ta ƙara ba duka ne ke ɗaga mota ba, rabi ne kawai, domin ɗaya rabin yana sama da aksil, cikin gidan taya. 265/70 ta fi taka ta yanzu da milimita 27, ke nan motar za ta tashi da kamar milimita 13. 285/70 ta fi ta da kusan milimita 55, motar za ta tashi da 27. Saboda haka duk wannan gardama a kan milimita 14 ake yin ta, abin da bai kai faɗin babban yatsanka ba.

Kada ka raina shi dai. Tulun nan da ke tsakiyar aksil ɗin baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse ko ya zauna a kan tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya, babu abin da ke ɗaga shi sai taya. Ko ka sa sifirin mai tsayin gaske, jikin mota ne zai tashi, tulun yana nan inda yake. A nan 285 ta yi gaba, babu musu. Haka nan gefenta ya fi tsayi, milimita 200 ne, na 265/70 kuwa 186, kuma gefe mai tsayi shi ke ba ka damar rage iska a yashi ko kan duwatsu ba tare da rim ya daki ƙasa ba.

To a ina matsalar take? A gidan tayar gaba. Idan motar tana tsaye a fili, sitiyari a miƙe, 285 za ta shiga tsaf har ka ga sarari a samanta, ka ce ai babu komai. Ba nan ake gane ta ba. Sai ka murɗa sitiyari ya ƙure, ka ja baya, ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sannan za ka ji gurrr daga ƙarƙashin ƙafarka. Idan ka sauka ka leƙa, za ka tarar robar da ta lulluɓe cikin gidan tayar ta yi sheƙi a wuri ɗaya kamar an goge ta, madigadin ya lanƙwashe, wani lokaci ma ɗan maɓallin da ke riƙe robar ya tsinke ya ɓace. Wuraren da aka fi samun wannan gogayya su ne bayan tayar gaba wajen madigadi, ƙasan bamba daga ciki, da kuma ƙarfen da ke ɗaure jikin mota da shasi a wasu motocin Toyota. Robar kam ana iya yanke ta ko a gasa ta a tura ta baya. Ƙarfen kuwa sai an yanka an yi walda, kuma mutumin da ya ce ba ya son a taɓa masa sifirin ba na jin zai so a sa wa shasinsa wuta.

Faɗin ma da nasa rikicin. 285 ta fi 265 da milimita 20, goma ta ciki goma ta waje. Goman cikin nan kan kai ta dab da hannun sama da ke riƙe ƙafar gaba. Sai a ce maka ka sa faifai tsakanin rim da ƙafa, ko ka sayi rim mai turo taya waje. Ta kuɓuta daga hannun, gaskiya ne, amma yanzu idan ka juya sitiyari tayar tana zana da'ira mafi faɗi, sai ta je ta sami madigadi da bamba fiye da da. Ka kashe wata wuta ka kunna wata, ga ƙarin nauyi a kan boris. Sannan ka duba faɗin rim ɗinka. Rim ɗin kamfani mai inci 17 a irin waɗannan motoci sau da yawa inci 7.5 ne, kuma nan ne mafi ƙanƙantar faɗin da masu ƙera taya suka saba yarda da shi ga 285/70R17. Za ta hau, amma a bakin iyaka take. 265/70 daga inci 7 ake fara mata, don haka a kan rim ɗinka tana cikin gidanta.

Bari in ɗan kauce, domin na san wani zai ce to a ɗaga motar mana a huta. Ɗagawa tana canza inda mota ke zama ne idan tana tsaye. Idan ƙafa ta matse har ta daki robar da ke tare ta, tayar tana komawa daidai wurin da take zuwa tun asali. Shi ya sa za ka ga wanda ya ɗaga motarsa inci biyu yana yawo a gari lafiya lau, ranar da ya shiga kwazazzabo da kaya sai gogayyar ta dawo. Rashin ɗagawar da ka zaɓa bai rage ka da abu mai yawa kamar yadda ake zato ba.

Yanzu abin da ba a gani da ido. Taya mai tsayi tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, motar kuwa juyi take ƙirgawa. Da 265/70, bambancin kashi 3.4 ne cikin ɗari: inda maleji ya saba nuna 100 kana kan 100, yanzu kana kan 103 da ɗoriya. Da yake malejin kamfani kan ɗan zarce gaskiya tun farko, sau da yawa wannan canji kusan daidaita shi yake yi. Da 285/70 bambancin kashi 7 ne, kana ganin 100 kana gudun 107, kuma lissafin kilomitar da ka yi zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya, har da lokacin juyen mai. Wannan kashi 7 ɗin shi ne kuma ƙarfin da ka rasa a ƙasa, kamar an ɗan ja maka kowace giya sama. Injin dizal mai turbo, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, yakan shanye ba tare da ƙorafi sosai ba. Ƙaramin injin fetur da giya mai canza kanta kuwa, a hawan tudu za ka ji tana ta kai-komo tsakanin giya biyu, mai yana tafiya. Birki ma aikinsa ya ƙaru, domin abin da zai tsayar ya fi tsayi ya fi nauyi. Tayar 285/70R17 mai alamar LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai jiki mai kauri, tana iya wuce kilo 25 ita kaɗai, kuma shokar da ba ka canza ba ita ce za ta riƙa danne wannan nauyi a kan gargada.

Wasu ƙasashe ma sun sa iyaka. A Ostareliya, ƙa'idar da ake kira VSB 14 ta ba motocin daji masu jan ƙafa huɗu damar ƙara tsayin taya da milimita 50 ne kawai. 265/70 tana ciki sosai, 285/70 ta ɗan haura. Ko ina kake, ka bincika dokar wurinku da sharuɗɗan inshorarka.

Akwai ta uku da ba ka ambata ba, kuma ina ganin ta cancanci ka dube ta: 255/75R17. Tsayinta milimita 814 ne, inci 32, wato tana tsakanin biyun, tana ɗaga mota da milimita 19, amma ta fi taka ta yanzu siranta da milimita 10. Ita ce Jeep ta riƙa sa wa Wrangler Rubicon ƙirar JK daga kamfani, don haka ba baƙuwar daji ba ce. Sirantar tana kawar da rikicin hannun sama, tsayin kuwa har yanzu yana iya taɓa madigadi, sai an gwada. Kada ka ji tsoron cewa siririya za ta nutse a yashi. Idan ka rage iska, sawun taya a tsaye yake ƙaruwa, gaba da baya, fiye da yadda yake ƙaruwa a faɗi, don haka tsayin gefe ya fi faɗi amfani a nan. Abin da zai iya hana ka ita shi ne samu. Ba kowane mai sayar da taya ke ajiye ta ba, kuma idan ta fashe maka a nesa da gari, 265/70R17 ta fi ta saurin samuwa nesa ba kusa ba.

Kowacce ka zaɓa, lambar da ke jiki ba alkawari ba ce. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban suna iya bambanta da 'yan milimitoci, kuma mai manyan haƙora ta laka, wadda ake rubuta wa MT, kafaɗunta sun fi na AT, wato ta kowace irin hanya, fitowa, su ne kuma ke fara kama roba. Akwai motar da 265/70 ta AT ke zama shiru, ta MT kuwa ta ɗan taɓa. Don haka kafin ka biya kuɗin duka, ka sa a ɗaura ɗaya a gaba. Ka shafa alli a kafaɗunta, ka ƙure sitiyari dama da hagu, ka yi gaba ka yi baya, sannan ka hau da ƙafar kan tudu ko dakali har sifirin ya matse, ka sake ƙurewa. Duk inda allin ya bar farin tabo, nan ne za ta riƙa ci. Ka sa hannu ta bayan tayar ka ji tazarar da ke tsakaninta da hannun sama da kuma tiyon birki.

Ka duba lambar ɗaukar nauyi kuma. Idan taka ta kamfani 112 ce, wato kilo 1,120 kowace taya, kada sabuwar ta gaza haka. Amma babu dalilin ɗaukar LT mafi kauri, mai harafin E, idan ba kaya masu nauyi kake ɗauka ba ko duwatsu masu kaifi kake bi kullum. Mai harafin C ta fi rashin nauyi, ta fi taushi a kan hanya.

Sannan guda biyar za ka saya, ba huɗu ba. Idan safayarka ta tsaya a 265/65 alhali sauran sun girma, ranar da ka ɗaura ta ƙafa ɗaya za ta riƙa juyi fiye da 'yan'uwanta, kuma a motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum irin Prado, wannan wahala ce ga giyar tsakiya. Ka tabbatar kuma sabuwar tana shiga wurin ajiyarta. A ƙarƙashin bodi, 265/70 takan shiga a yawancin irin waɗannan motoci, 285 kuwa kan matse tsakanin ƙarafunan shasi ko ta kusanci salansa, musamman idan an sa ƙugiyar jan tirela. Ka gwada wannan ma a wurin mai tayar, kafin a kwance maka sauran huɗun.